Jarkar da Na Ce a Wanke

Jiya na ratsa layin masu sayar da maganin feshi a kasuwar Gashuwa, warin nan ya bugi hancina, sai da na dafa bango. Ka yi haƙuri da ni mai karatu, a firamare na tsaya. Kuma firamaren ce ta jawo abin da zan gaya maka.

Muna yara a ƙauyenmu kusa da Dagona, da ruwan kogi ya malalo fadama sai gida ya koma gonar shinkafa, Kaka a gaba. Da hannu ake cire ciyawa, a sunkuye, ruwa har gwiwa, matsattsaku na kama ƙafa. Ni da Yaya muke ɗauko gorar ruwa. Ruwan gora akwai sanyi da ɗan ɗaci, har yau harshena bai manta ba. Amma wahala ce, ba zan ɓoye ba. Kafin Kaka ya rasu bayansa ya lanƙwashe, ko sama ba ya iya kallo.

Wata damina Baffa ya dawo daga Nguru da farar jarka mai jan murfi cike da maganin ciyawa, aka ce daga ƙasar waje maganin ya zo. Ya fesa, cikin kwanaki ciyawa ta ƙone, aikin da kan ci mana wata guda. Shekarar nan muka ci muka ƙoshi, aka yi wa ɗakin Inna rufin kwano. Yanzu shinkafarmu da tattasai na zuwa garuruwan da ban taɓa takawa ba, waya ɗaya dillali zai buga. Ban raina wannan ba.

Da maganin ya ƙare, Baffa ya miƙo mini jarkar.

"Ɗan boko, karanta mana. Za a iya zuba ruwan sha a ciki?"

Ina aji biyar. Rubutun ƙanana ne, wani ma ba irin baƙaƙen da aka koya mana ba. A gefe akwai hoton ƙoƙon kan mutum. Na gan shi, wallahi na gan shi. Amma kowa ya zuba mini ido, na ji kunyar in ce ban iya ba.

Na ce, "Sun ce a wanke da sabulu."

Kaka ya shinshina ya kau da kai. "Ni ba na sha a gidan abin da ya kashe ciyawa."

Baffa ya yi dariya. "Baba, gorarka sau nawa ta fashe bana?"

Daga nan jarka ta zama abin ruwan gona. In wannan ta tsage a wanke wata. Ni aka tura ni Nguru koyon ɗinki. Yaya ya zauna, shi ke feshi ba takalmi ba abin rufe hanci, shi ke kafa kai ya sha in rana ta take.

Bara ƙafafunsa suka kumbura, sai fuska. Likita ya ce ƙoda ce, duka biyun, sai an riƙa yi masa wankin ƙoda a asibiti. Na ja likitan gefe na tambaye shi maganar jarka. Ya ce ba wanda zai iya rantsewa ga dalili. Wasu na zargin ruwa, wasu magani, wasu zafin rana, kuma masu ciwon suna da yawa a yankinmu. Da ya ce ni ne, da na san abin da zan roƙi gafara a kai. Waɗanda suka haɗa maganin sun rubuta gargaɗinsu, sun fita daga laifi. Amma wa suka rubuta wa? Maganin ya ƙetaro teku ya iske mu, bayaninsa bai iso ba. Kuma gobe ni zan goya tankin feshi in shiga gonar Yaya, don in ba shinkafa, ba kuɗin wanki.

Yau da hantsi na kasa daurewa, na durƙusa gaban Yaya na gaya masa komai. Ya dube ni da kumburarrun idanu.

"Kai dai da damuwa. Aji biyar fa kake." Ya lashi leɓe. "In kana son in yafe, ƙara mini ruwa. Ko maƙurwa ɗaya."

Likita ya ƙayyade masa abin da zai sha a wuni, kuma na yau ya riga ya shanye. Na riƙe kofin a bayana, na ce masa a'a.