Butar Bariatu da Tukunyar Bibi Linda

Idan ana maganar tsafta, Bariatu Wahab ba ta yarda tana da na biyu a duk Alexandria ta Amurka ba. A Zangon Kumasi aka haife ta, 'yar mai sayar da shinkafa da wake, kuma tun ba ta kai tsawon turmi ba take wanke kwanukan uwarta. Tsawon dai har yau bai zo ba, sai fankamar ce ta ƙaru. Shekararta goma sha ɗaya a Amurka tana kula da tsofaffi a gidajensu, kuma takan bugi ƙirji ta ce ba a yi tsohon da ya taɓa ture kwanonta ba.

Sai aka tura ta gidan Bibi Linda, a hawa na tara na wani dogon bene a unguwar West End. Tsohuwar 'yar ƙabilar Roma ce, ba Roma ta Fafaroma ba, mutanen nan da Turawa ke kira Jifsi. Bibi kuwa a yarensu kamar a ce goggo ne. Surukarta ce ke yi mata girki, to ta haihu, kuma a al'adarsu mai jego ba ta taɓa tukunya sai ta yi makonni. Dole ta sa Raymond, autan tsohuwar, ya nemo bare. Ranar farko ya ja Bariatu gefe ya faɗa mata gaskiya: likita ya ce in mahaifiyarsa ta ƙara ramewa, sai gidan tsofaffi.

"Mu ba ma kai iyayenmu can," in ji shi. "In ta shiga, mutuwa za ta yi."

Kwana biyu komai lafiya lau. A rana ta uku Bariatu ta ce bari ta nuna musu aiki. Ta tattara siket-siket ɗin tsohuwar, da tsummokaran goge kwanuka, da mayafin tebur, ta zuba a injin wanki guda. Ta goge su da dutsen guga, ta ninke, sannan ta bi kwanukan kicin ɗaya bayan ɗaya da tsumman nan mai ƙamshi. Bibi Linda na zaune tana kallon duk abin da take yi.

Daga ranar ta daina ci. In an ajiye mata abinci sai ta yi murmushi ta ce, "Na ƙoshi, 'yata." Burodi kawai take gutsura daga ledarsa, ta sha ruwan gora. Bariatu ta rage barkono, ta ƙara gishiri, ta yi miya, ta yi fate, duk a banza. Kwana huɗu ana haka, zoben tsohuwar ya fara yawo a yatsa. Raymond ya fara zuwa da takardar gidan tsofaffi a aljihun rigarsa, bai sa hannu ba, bai kuma yar ba. Tsoro ya kama Bariatu sosai, don ta ga yadda ake ƙarewa a irin gidajen nan, kuma ba ta so a ce a hannunta aka yi.

A rana ta biyar ta idar da alwalar azahar, ta ajiye butarta a ƙofar banɗaki. Tana ɗaura ɗankwali sai ta hangi tsohuwar ta ɗauki butar, tana jan ƙafa ta nufi kicin da ita.

"A'a, Bibi! Wannan ba ta shiga kicin!"

"Ruwan shayi zan ɗebo da ita. Ai na ga kina wanke ta kullum."

"Ko sau ɗari aka wanke ta, ta banɗaki ce."

Bibi Linda ta ajiye butar a hankali, ta dube ta ido cikin ido.

"To haka siket yake a wurinmu. Abin da ya taɓa jiki daga ƙugu zuwa ƙasa ba ya haɗa ruwa da abin da zai taɓa baki. Ko sau ɗari aka wanke."

Bariatu da ta tashi a gidan da aka san wanki daban, tsarki daban, ita ce ta tafka wannan. Lallai rashin sani ya fi dare duhu. Kunya ta rufe ta, ta durƙusa kamar yadda za ta yi wa uwarta, ta ce don me ba a faɗa mata ba. Tsohuwar ta ce ba maganar da ake yi da bare ba ce, don duk wanda suka taɓa faɗa wa dariya ya yi musu, alhali su ne duniya ke kira ƙazamai.

Nan take aka shiga tattara kwanuka da tsummokara a baƙar leda, don abin da ya ɓaci haka zubarwa ake yi. Can sai Bibi Linda ta ɗaga kai. Ta nuna saman kabad, inda wata tukunyar jan ƙarfe ke zaune.

"Waccan fa? Ita ma kin goge ta?"

Mahaifin tsohuwar ne ya ƙera ta. Maƙeran jan ƙarfe ne su kaka da kakanni. Sun ce asalinsu Indiya, sun yi zaman bauta a Turai, kafin kakanta ya hayo jirgin ruwa zuwa Amurka. A bayan mota ta girma, suna bin gari gari suna shafa wa manyan kwanukan gidajen burodi kuza, kuma duk inda suka yada zango a tukunyar nan ake girki.

Bariatu ta ɗaga kai ta dubi kabad ɗin. Ta tuna ranar ta yi ɗage har sau biyu, hannunta ya kasa kaiwa, ta ja tsaki ta ƙyale.

"Bibi, dube ni da kyau. Ina ni ina can?"

Tsohuwar ta fashe da dariya har da hawaye. Bariatu ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya, karon farko a rayuwarta ta gode wa Allah da ya yi ta gajera.

Ta sauka kanti ta sayo sababbin kwanuka, da tsummokara, da kabeji, da niƙaƙƙen naman sa. Ta hau kujera ta sauko da tukunyar, bayan ta wanke hannu da sabon sabulu. Bibi Linda ta zauna tana ba da umarni kamar sajan, tana koya mata naɗe nama da shinkafa a ganyen kabeji, tana rera wata waƙa da yarensu.

Da la'asar Raymond ya buɗe ƙofa, sai ya ji ƙarar cokali a faranti. Ya tsaya a bakin kicin, hannunsa a kan aljihun da takardar take. Mahaifiyarsa ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta tura wa Bariatu farantin da ta share tas, ta ce, "Ƙaro min biyu, 'yata."