Ƙafar Sajan

Shekarar da aka kawo sabuwar likitar ciwon suga Zuru, ni na raka maigidana wurinta, don ba ya iya zama a kan babur sai an riƙe shi ta baya. Tsohon soja ne, duk garinmu Dabai Sajan ake ce masa, har ni. Tun a hanya ya ja mini kunne: "In mun shiga ki kama bakinki. Bokon tsufan da kika yi a coci bai mai da ke nas ba."

Na ce to.

Likitar yarinya ce, Hausarta irin ta rediyo. Ta auna jininsa, sannan ta ce, "Baba, a cire takalmi." Manyan takalmansa na soja ya sa ranar. Ya kwance na dama kaɗai, ya ɗora ƙafar bisa benci.

Ta ɗauko wani siririn abu kamar tsinken tsintsiya, ta ce ya rufe ido, duk inda ya ji ta taɓa ya faɗa. Ta taɓa babban yatsa, shiru. Ta taɓa tafin ƙafa, ta taɓa diddige. Murmushi kawai yake.

"Baba, ba ka ji ba ne?"

"'Yata," in ji shi, "ni da na yi golmo a gonar uban matar nan har hannuna ya tsattsage ban ce wash ba, wannan ɗan tsinken ne zai sa ni magana? Kwanan baya garwashi na taka a bakin murhu, sai ƙauri na ji."

A wurinmu da haka ake auna namiji. Saurayi zai yi wa surukai noma shekara da shekaru kafin a ba shi mata, wanda ya yi raki 'yan mata su sa shi a waƙa. Shi ya ɗauka jarumtarsa ake gwadawa, kuma ya ci.

Likita ta ce, "Baba, rashin jin nan shi ne ciwon. Suga ya kashe jijiyoyin ƙafar. A sake rufe ido."

Ya rufe, amma murmushin ya gudu. "Na ji," ya ce. "Nan ma na ji." Ita kuwa tsinken yana hannunta, ko kusa da shi ba ta kai ba. Ta dube ni, alamar in yi shiru. Ban yi ba.

"Sajan, ba wanda ya taɓa ka. Likita, sa shi ya cire na hagun. Tun tsakiyar damina ba ya cire shi sai ya kashe fitila, ɗakin kuwa wari kamar ɓera ya mutu a rufi."

Ya zage ni da yarenmu, zagin da ya haɗa har uwata. Na durƙusa na kwance igiyar da kaina. Safar ta manne da nama, sai da nas ta jiƙa ta kafin ta fita. Yatsu biyu sun yi baƙi ƙirin, ƙarƙashinsu rami yana fitar da ruwa. Nas ta kau da kai. Ni na tsaya na duba da kyau. Na san ƙafar nan tun tana da ƙarfinta. Ita ta sauka a marata ina da ciki, don tuwo ya huce, cikin ya zube. Da na yi kuka cewa ya yi na cika raki.

Likita ta ce yatsun sun riga sun tafi. In aka kai shi babban asibiti a Birnin Kebbi cikin satin, mai yiwuwa a ceci sauran. In aka yi jinkiri, daga gwiwa za a yanke. Kuma can ba sa kwantar da mutum sai da mai jinya.

Muka fito muka zauna ƙarƙashin dalbejiya muna jiran mai babur. Can ya kira ni da sunana na 'yanmatanci, wanda rabon da in ji shi a bakinsa har na manta.

"Za ki bi ni, ko?"

"Gyaɗata ta nuna. In na bar ta, a ƙasa za ta tsiro. Ka aika wa ƙanenka a Manga."

"Kin san ba ma magana da shi."

"To yau sai ku fara."

Washegari na saɓi fartanya na tafi gona. Ƙanen bai zo ba sai da ya gama nasa girbin. Daga gwiwa aka yanke. Gyaɗar kuwa ta yi 'ya'ya sosai shekarar nan.