Kotu Ta Ce Ba Ta Yi Aure Ba

Sulbha tana zaune a barandar kotu cikin koren sari, da jan garin matan aure a tsagar gashinta. Matar mijinta ta fari ce ta kai shi ƙara kan duka da ƙarin aure, abin da doka ta hana mu 'yan Hindu. Yanzun nan alƙali ya sallame shi, wai babu shaidar shi da Sulbha sun zagaya wuta ranar bikinsu, wanda shi ne ɗaurin aure a wurinmu. Ga shi can yana dariya da lauyansa. Ina jin sai da Sulbha ta tare ta san yana da mata.

Mai shayin da ya saba ganinta ya miƙa mata kofi. "Yaya Sulbha, kun yi nasara ke nan?"

Ta juya awarwaronta a hankali. "Shi ya yi, ƙanena. Ni an ce ban taɓa aure ba."