Lokacin da Mma Take Gane Mu

Aikina shi ne mayar da lambobi zane. A wani ƙaramin ofis da ke unguwar Adabraka, cikin birnin Ankara, ake turo mini alƙaluma, ni kuma in zana su yadda mai gida zai fahimta da kallo ɗaya. Ban taɓa tunanin zan zana mahaifiyata ba.

Mma, kamar yadda muke kiranta, ta tsufa tana sayar da waake, wato dafaffiyar shinkafa da wake, a bakin titi a unguwar Nima. Tun tana budurwa ta zo Ankara daga arewa, daga ƙasar Kotokoli, ta koyi Hausar Zango da Twi a kasuwa. Mu uku ta haifa: yayana da ke Amurka yana tuƙin tasi, ni, da ƙanwata mai sayar da atamfa a kasuwar Tudu. Mantuwar ta fara ne da ƙananan abubuwa. Ta zuba gishiri sau biyu a miya, ta kira ni da sunan wata da ban sani ba. Daga baya ta fara ɗaure kayanta da yamma tana cewa za ta gida, alhali tana tsakar gidan da ta aurar da mu. Wata rana maƙwabta suka tsinto ta a bakin babbar gota, ta nufi unguwar Maamobi ba takalmi. Sai ƙanwarta, Inna, ta taso daga arewa ta zo ta zauna da ita.

Likita ya ce ciwon tsufa ne na ƙwaƙwalwa, ba ya warkewa, amma ana iya sassauta shi. Ya tambaye mu wane lokaci rikicewar take fi tsanani. Ƙanwata ta ce kullum ne. Inna ta ce ita dai ba ta iya rarrabewa, kwanakin sun cakuɗe mata. Ya ce mu lura na ɗan lokaci mu dawo masa da abin da muka gani.

Na roƙi Inna ta riƙa aiko mini da saƙon murya a waya duk lokacin da ta samu sarari. Ba ta duba agogo, don haka saƙonninta da salla suke tafiya. “Bayan asuba ta sha koko, ta tambayi ina kike.” “Da la’asar ta ƙi ni, ta ce ni ɓarauniya ce.” Ina saurara a cikin trotro, motar haya, in na isa ofis in ba kowane saƙo maki.

Layi na fara ja, mai hawa da sauka, daga safe zuwa dare, irin wanda nake yi wa masu ciniki. Da na ɗora kwanaki da yawa a kansa sai ya zama kamar zaren da kaza ta tattaka. Na haɗa su na fitar da matsakaici. Layin ya yi kyau, ya miƙe sumul, amma ya haɗiye ranakun da Mma ta yi dariya da ranakun da ta yi kuka, ya mayar da su wata mace mai dama-dama da ba ta taɓa zama a gidanmu ba. Na gwada da’ira kamar fuskar agogo. Ƙanwata ta juya wayar sama da ƙasa ta ce, “Yaya, wannan shidan na safe ne ko na yamma?” Na share.

Abin da ya zauna a ƙarshe shi ne gidaje-gidaje kamar na dara. Kowace rana layi ɗaya, an raba ta yadda Inna take raba yini: asuba, hantsi, azahar, la’asar, magariba, isha’i. Da farko na sa ja a inda ta rikice. Da na nuna wa ƙanwata sai ta ture wayar.

“Duk jini ne. Ba na son gani.”

Gaskiyarta. Na koma na bar rikicewar da ruwan toka, na sa kore a duk gidan da Mma ta kira wani da sunansa na gaskiya. Bayanan ba su canza ba, amma yanzu ido yana faɗawa kan abin da ya rage mana. Koren ya sauko a jere tun daga sama har ƙasa, a ƙarƙashin hantsi, ya ɗan taɓa asuba, ya ɗan leƙa azahar. Daga la’asar zuwa gaba toka ce zalla. Likita ya duba, ya matsar da lokacin wani magani, ya ce mu kunna fitila tun kafin rana ta faɗi. Ya taimaka kaɗan.

Wanda zanen ya fi taɓawa shi ne yayana. Shekaru ya yi bai zo gida ba, saboda takardunsa ba su daidaita ba. In ya fito ba zai iya komawa ba. Yakan kira in ya tsaya cin abincin rana a can, wanda a nan magariba ce. A lokacin Mma ta riga ta bar Hausa, ta koma yaren Kotokoli, wanda mu ’ya’yanta gaisuwa kawai muka iya a ciki. Takan kalli fuskarsa a waya ta kawar da kai. Sau ɗaya ta tambayi Inna wane ne wannan mutumin da yake damunsu. Bayan haka ya rage kira. Ya ce mini, “Fushi take da ni. Na tafi na bar ta, ta cire ni daga ranta.” Na yi ta ba shi haƙuri da baki, bai ji ba.

Na tura masa zanen, na sa ɗan ɗigo baƙi a kowane gidan da ya kira. Ɗigon duka a cikin toka suka faɗa, ko ɗaya babu a kore. A ƙasa na rubuta masa cewa hantsinmu shi ne asubarsa.

Ranar Asabar da hantsi ina gidan, Mma tana zaune a kan tabarma tana tsince wake, ko da yake ta daɗe da daina sayarwa. Waya ta yi ƙara. Yayana ne, ya idar da salla, hularsa na kansa. Na miƙa mata. Ta riƙe wayar nesa da fuskarta, ta ƙura ido, sai ta kira shi da sunan da take kiransa tun yana yaro.

“Ka rame,” ta ce. “Ba sa ba ka abinci a can?”

Ya sa hannu ya rufe fuskarsa.

“Kai, wa ya taɓa ka?”

“Ba kowa, Mma. Ina kwana?”

“Lafiya lau. Yaushe za ka zo?”

“Na kusa, Mma, in sha Allah.”

Daga ranar bai fasa kira ba. Ni ma na roƙi a bar ni in riƙa shiga aiki da azahar wasu ranaku, ƙanwata ta riƙa jinkirta buɗe shago. Da hantsi gidan yakan cika, Mma tana faɗa mana yadda ake jiƙa karan dawa don waake ya yi launi, tana yi wa Inna tsiya.

Na ci gaba da cika gidajen, kuma ni ce na fara ganin abin da ke tafe. Koren asuba ya ɗauke. Na azahar ya bi shi. Sannan hantsin kansa ya fara yin giɓi, yau kore, gobe toka, jibi toka. Na yi tunanin raba hantsi gida biyu don koren ya ƙara yawa a ido. Na gwada, na ga ba wanda zan ruɗa sai kaina. Yayana ya tambaye ni sabon zane.

“Yaya, ba sai ka gani ba,” na ce masa. “Ka dai ci gaba da kira.”

Ya ce to.

Bayan azumi ta daina magana. Inna ta ci gaba da aiko saƙo, amma ba abin da za a ba maki: ta sha ruwa kaɗan, ta yi barci, an juya ta. Na daina buɗe zanen. Wata Laraba da azahar, muna zaune a gefenta ni da ƙanwata da Inna, Allah ya karɓi abinsa. Kafin la’asar ta wuce an kai ta.

Yayana bai zo ba. A waya ya karɓi gaisuwa, an jingina wayar da buta a gaban malamai ranar addu’a. Bayan arba’in Inna ta ce za ta koma, gonarta ta daɗe ba mai kula. Ni da ƙanwata muka raka ta tasha, muka ɗora mata jakar kayan Mma a ƙarƙashin kujera. Ta leƙo ta taga ta ce mu riƙe zumunci, kuma mu koyi yaren uwarmu ko kaɗan ne. Muka tsaya har motar ta fita, sannan ƙanwata ta wuce shago, ni kuma na tsallaka titi na nemi motar Nima.