Hotunan Bayan Malama

Ko tsufa ya kai ni inda zan riƙa rikita sunayen jikokina, ba na jin zan manta da ranar da na ɗauki hoton bayan wata malamar firamare. A shekarar da sojoji suka koma bariki ne, farar hula suka karɓi mulki, kowa na cewa an daina dukan mutane a banza.

A lokacin ina da ɗan shagon hoto a Gyadi-Gyadi, wanda na gada a wurin mahaifina. Mata masu wannan sana'a ba mu da yawa, don haka duk hoton da ba a so namiji ya ɗauka, ni ake nema. Na fi ƙwarewa a hoton kusa, irin su zanen lalle da sarƙar zinare da aikin wuyan riga. Ina da wani gilashi da ake ɗaura wa bakin kyamara, wanda ke fito da abu har silin gashi.

Wata Laraba da safe maƙwabciyata ta shigo da wata mata 'yar Filato, mai koyarwa a wata firamare a Tarauni. Na ba ta kujera, sai ta ɗosana a bakin-baki, ba ta yarda bayanta ya taɓa komai ba. Maƙwabciyar tawa ce ta ba ni labari. Malamar ta kama ɗan wani sabon kansila yana satar amsa, ta ƙwace takardarsa. Ranar Litinin uban ya same ta ita kaɗai a aji bayan an tashi, ya zane ta da wayar wuta. Da ta kai kuka, kwamitin makaranta ya tura ta wurin wani babban mai hoto a Tarauni, wai a samu shaida.

Malamar ta miƙo mini hotunan da ya ɗauka. Ina duba na farko na gane abin da aka yi. An lafta mata basilin a baya, an matso da kyamara daf da fata, sannan an sakar mata filashi, wato fitilar kyamara, tsirara. Hasken ya bugi maiƙon ya dawo, bayan ya fito fari fat yana ƙyalli kamar faranti. Ko layi ɗaya ba a gani.

"'Yan kwamiti sun ce sharri na yi wa kansila," in ji ta a hankali. "Jibi za su zauna. In ban kawo shaida ba, sallamata za su yi. 'Yar'uwa, 'ya'yana uku, babansu ya rasu."

Na rufe ƙofar shago, ta cire rigarta. Na duba bayanta. Layuka bakwai ne, wasu sun haye kan wasu. Sai dai kumburin ya fara saɓewa, na san in aka ƙara kwana biyu babu abin da kyamara za ta kama.

Na jiƙa tsumma da ruwan ɗumi na goge duk wani maiƙo. Na zaunar da ita kusa da taga yadda hasken safe zai zo mata ta gefe. Haske in ya zo ta gefe, duk abin da ya tasa a fata sai ya yi 'yar inuwa, inuwar nan kuwa ita ke nuna kumburi. Amma hasken taga ba shi da ƙarfi, kuma a hoton kusa ko numfashi aka ja sai hoto ya gauraye. Na kafa kyamara a kan ƙarfenta mai ƙafa uku, na ce, "Malama, riƙe numfashinki." Ni ma na riƙe nawa.

Wuraren da jini ya kwanta kuwa, hasken taga bai fito da launinsu a baƙar fata ba. Sai na ninka farin hankici biyu na ɗaure bakin filashi da shi, na ja shi gefe da wayarsa. Hasken ya fito a tausashe, ya bazu, bai ƙona komai ba. Na sa maƙwabciyata ta riƙe rular Malama kusa da kowane layi don a ga tsawonsa. Fim guda na ƙarar a bayan nan.

Washegari da na karɓo hotunan daga wurin wanki, ban wuce gida ba. Na nufi shagon babban mai hoton nan. Abokin mahaifina ne, tun ina ƙarama nake gaishe shi a durƙushe. Na jera nawa da nasa a kan tebur.

"Baba Alhaji, kai ka koya wa rabin masu hoton unguwar nan aiki. Ka san abin da filashi ke yi wa fata mai maiƙo."

Bai ko kalli hotunan ba. Ya ce, "'Yata, ni ban goge komai ba. An ce in ɗauka, na ɗauka. Abin da kyamara ta gani ke nan."

"Wa ya shafa basilin ɗin?"

Ya ce, "Ke yarinya ce. Mutanen nan yanzu suka hau mulki, kuma a unguwar nan za ki ci gaba da zama."

Wannan maganar ta fi dukan da aka yi wa Malama ƙona mini rai. Da kuskure ya yi, da na yi masa uzuri. Amma mutumin da ya shekara talatin yana sarrafa haske, ya ɗauki iliminsa ya rufe wa azzalumi asiri, sannan ya ɗora wa kyamara laifi! Na tattara hotunana na fita ko sallama ban yi ba, abin da ban taɓa yi wa babba ba.

Ranar Juma'a na raka Malama zaman kwamiti. Kansilan na zaune yana kaɗa makullin mota. Shugaban kwamiti ya juya hotunan ya ce, "To, ga hoto ga hoto. Wanne za mu yarda da shi? Wa ya sani ko naki ne aka yi wa dabara?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni hannun mutum ɗaya."

Wani dattijo mai zanen tsagar gargajiya a kumatu ya ce a gwada da fuskarsa. Na shafa masa basilin, na haska masa tocila kai tsaye daf da kunci, na ce su duba. Zanen ya ɓace cikin ƙyalli. Na goge, na juya shi gefen taga, sai ga zanen nan raɗau, ɗaya bayan ɗaya. Wata Hajiya a cikin kwamitin ta ja Malama zuwa ofishin hedimasta, ta duba bayan da idonta. Da ta fito ba ta zauna ba, ta dubi kansilan ta ce, "Ka ji kunya, wallahi."

Ba a sallami Malama ba. Amma kada ku zaci an yi adalci. An ce a rufe magana don zaman lafiya, kansilan ya furta haƙuri a ciki-ciki yana kallon agogo, ya tafi abinsa. Bayan wata biyu aka mayar da ita wata makaranta can Darmanawa, wai don a raba su. Ita aka daka, ita aka ɗaga. Ni kuma aka daina kirana ɗaukar hoto a wasu gidaje, ban kuwa yi da-na-sani ba ko sau ɗaya.

Abin da na koya shi ne, hoto ba ya zama shaida sai mai ɗaukarsa ya ji tsoron Allah. Da haske ake bayyana abu, da haske kuma ake ɓoye shi. Tun daga ranar, duk wanda ya nuna mini hoto ya ce ga gaskiya, sai na fara tambayarsa wa ya riƙe fitilar, kuma ta wane gefe ya tsaya.