Turmin Atamfa Tsakanina da Goggo

Titirou, kafin asuba

Ladan bai yi kiran farko ba na fito daga gida, a shekarar da korona ta hana mutane musafaha. Djougou na nufa, wurin Goggo Asabe, ƙanwar mahaifina, wadda ta riƙe ni tun ina ƙarama, ta kuma koya mini sayar da atamfa. Ta daɗe da makancewa, sai hannu ya zame mata ido. Duk wanda ya shigo sai ta shafa fuskarsa daga goshi har haɓa kafin ta amsa gaisuwa. Yanzu ƙafafunta sun kumbura, numfashi yana yi mata wuya, shi ne ta sa aka kira ni a waya. "Rabi, zo in gan ki," ta ce, ba ta ƙara komai ba.

Ni kuwa kullum ina cikin jama'a a kasuwar Parakou, kuma mai rumfar da ke jikin tawa tari ya kwantar da shi, bai tashi ba. Lafiyata lau, amma maƙwabciyata Safiya, mai aikin jinya, ta zaunar da ni. "Yaya Rabi, mutum yana iya ɗaukar ciwon nan bai sani ba. In ya kama tsohuwa mai irin numfashin nan, sai addu'a. Ki je, amma kashne ɗinki, takunkumin nan, kada ya sauka daga hanci. Ki zauna a tsakar gida, nesa da ita. Kada ta taɓa ki." Na ce to, alhali ban taɓa ganin wanda ya ce wa Goggo kada ba.

Maigida ya kai ni tasha a babur. A jakata akwai sabulu, gorar ruwa, takunkumin canji, abincina a kwano, da turmin atamfa shuɗi mai zanen tsuntsaye, tsarabar Goggo.

Tasha zuwa Tourou

Na biya kuɗin kujera biyu a gaba. Direban, wani Badende mai Hausa rabi-rabi, ya leƙa bayana.

"Hajiya, ina ɗayan?"

"Ɗayan iska ce. Ka bar mata gilashi a buɗe."

"Wala! Yau na ɗauki fasinjar da ba ta mita."

Mun tashi gari yana yin shuɗi. Wajen Tourou 'yan sanda suka tsayar da mu, ba takarda suka nema ba, fuskoki suka duba. Wani dattijo mai fataucin shanu a baya ya rataye takunkuminsa a haɓa, gemu yake karewa. Ya ja shi sama yana gunaguni, muna wucewa ya mayar. Can ya fasa goro, ya miƙo mini rabi ta kan kafaɗata. Na dafa ƙirji na ce, "Na gode, Baba, Allah ya ƙara buɗi." Hannun ya daɗe a wurin kafin ya janye. Kunya ta kama ni sosai, don a gidanmu ba a mayar da goro. Na ce a raina, wannan goro ne kawai, ina ga Goggo?

Bétérou

Ban yi barci ba daren jiya, don haka hanyar ta riƙa zuwa mini rabi a farke rabi a mafarki. Ruwan damina ya wanke komai. Kunyoyin doya sun jeru har ƙarshen gani, itatuwan kashu suna tafiya da baya. A gadar Bétérou hazo ya kwanta a kan kogi, wani mai kwalekwale yana tsaye a cikinsa, ba a ganin ruwan da ke ɗauke da shi. Na lumshe ido sai ga ni a tsakar gidan Goggo ina yarinya, muna ninke atamfa. Ita ta kama gefe, ni na kama gefe, mu ja, mu kakkaɓe, mu haɗa baki da baki, sannan mu tako har hannuwanmu su haɗu. A nan ne take karɓe zanen ta ja mini hanci.

Birki ya tashe ni. Mata sun kewaye motar da wagashi, cukun Fulani, da soyayyar doya, ƙamshin har cikin takunkumi. Na haɗiye yawu, na wanke hannu da sabulu a bokitin nan mai famfo da aka ajiye bakin titi, na koma gindin wata bishiya ni kaɗai na ci wasa-wasan garin doya da na taho da shi. Direba ya ɗaga murya, "Hajiya, ita iskar ba ta ci?" Na ce ta ƙoshi.

Daga Partago ban tuna komai ba sai inuwar ganye tana wucewa a kan fatar idona.

Djougou

Da hantsi mai zem, wato ɗan acaɓa, ya sauke ni a ƙofar gida. Goggo tana kan tabarma ƙarƙashin mangwaro, jikarta Lami, wadda take kula da ita, tana yi mata fifita. Ta rame ƙwarai. Ina yin sallama ta miƙo hannu biyu, yatsun suna motsi.

"Matso."

Na durƙusa daga inda nake. "Goggo, ba zan matso ba. Ciwon nan ne, ina tsoron in kawo miki."

"Ciwon gidanku! Ni da na wanke ki?" Hannayen suna nan a sama. "Muryar nan daga cikin tsumma take fitowa. Kowa ma zai iya cewa shi ne Rabi."

Ta sauke hannu, ta juya fuska ga katanga. Na zauna ina kuka har takunkumin ya jiƙe, na fita zaure na canja wani. Wallahi sau biyu na miƙe da niyyar in faɗa jikinta, kowane ne ya faru ya faru. Abin da ya mayar da ni shi ne ƙarar numfashinta, da nake ji daga nesa.

Bayan azahar na wanke hannu, na warware atamfar na shanya ta a rana, sannan na ce Lami ta kai mata gefe ɗaya. Goggo ta murza, ta shinshina. "Wannan ba ta banza ba ce," ta ce da katanga. Amma yatsunta suka bi bakin zanen da kansu har suka kama kusurwa biyu. Ta ce Lami ta tashe ta tsaye.

"Ja."

Na ja. Tsuntsayen suka miƙe a tsakaninmu, iska tana ɗaga su.

"Sake."

Na sake ja. Sai ta fashe da dariya har da tari. "Hagu ya riga dama! Rabi ce. Na yi duka, na yi faɗa, hannun nan ya ƙi gyaruwa."

Muka kakkaɓe, muka haɗa baki da baki, muka sake ja. Daga nan ƙafata ta ɗaga da kanta, na tako ban sani ba.

"Tsaya! Na ji zane ya saki. Ina za ki? Koma. In ke ba ki da hankali, ni ina da shi."

Na koma. Muka zauna kowa a tabarmarta, atamfa a miƙe a hannunmu, har la'asar ta yi sanyi. Ta tambayi yara, ta tambayi kasuwa, ta zagi surukarta. In ta yi dariya ina jinta a yatsuna. Da gyangyaɗi ya fara ɗaukarta, na ji jan yana raguwa a hankali.

Na kwana a zaure, da kwanona daban da butata daban. Da safe ta ce a rataye zanen a igiyar ɗakinta yadda yake.

Parakou

Na iso gida lafiya kafin azahar, a motar wani direban da ba ya wasa. Kwana kaɗan bayan nan ina soya albasa na ga hayaƙi yana tashi, ban ji ƙamshi ba. Safiya ta kai ni gwaji, ga shi kuwa a jikina. Na kulle kaina a ɗaki, zazzaɓi yana kaɗa ni, amma ba shi ya hana ni barci ba. Duk ƙarar waya sai gabana ya faɗi. Mako ya wuce, wani ya bi shi, Goggo ba ta kamu ba, Lami ma haka.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Na gode wa Safiya, da direban da ya bar gilashi a buɗe, ina kuma neman afuwar dattijon goro in wannan ya iske shi.

Da na warke Lami ta kira ni, tana ƙorafin sallah ta matso, Goggo ta hana a kai atamfar wurin tela, ta hana ma a ƙarasa ninke ta. Daga bayanta na jiyo muryar tsohuwar.

"Kada wanda ya taɓa min ita. Da sauran taku tsakanina da Rabi."