Yadda Aka Shafe Kiɗan Baba

Jiya ina tsintar shinkafa a tsakar gida, wani mai acaɓa ya tsaya a ƙofarmu, wayarsa tana kukan jita. Na ajiye faranti. Ba kiɗan da na sani ba ne, amma ya dawo min da shagon Baba a Ƙofar Dumi, har da warin dalmar da yake liƙe wayoyi da ita.

Gyaran rediyo ce sana'ar Baba. Amininsa wani soja ne ɗan kudu, Kirista, a barikin Shadawanka, wanda shi da abokansa suke da ƙungiyar kiɗa: jita, ganguna da begila. Ranar Asabar bayan la'asar suke wasa. Baba kan ɗaure rikoda a bayan keke, ya je ya girke ta gaban lasifika ya danna. Da damina har ƙarar ruwa a kan kwano takan shiga kaset.

Ku da kuka tashi da waya a hannu, da wuya ku gane. Waƙoƙinsu ba su da yawa, amma babu wadda ta taɓa fitowa iri ɗaya sau biyu. Mai jita ya saki hanya ya shiga daji, mai ganga ya bi shi, ka rantse sun ɓata, can sai su faɗo kan waƙar tare, jama'a su kaure da ihu. In muna sauraron kaset ɗin, Baba kan ɗaga yatsa ya ce, "Saurara, uwata. Nan ya manta inda za shi. Ji yadda ɗan'uwansa ya tallabe shi." In aka kawo masa kaset na kamfani sai ya taɓe baki, wai miyar ta sha ruwa ta yi salam. Cikin ihun jama'ar nan kuwa da muryar Baba. Ko mutum nawa ne, ina ware ta.

A lokacin ban san ko bihim ba, don sai da na haihu na shiga ajin yaƙi da jahilci da goyo a bayana. Rubutun da yake yi a jikin kaset zane ne a wurina. Da launi nake gane su.

Da Baba ya rasu aka raba gado, kwalin kaset ya rage, an rasa inda za a sa shi. Yayana ya ce kiɗa nauyi ne a kan mamaci, gara a ɗauki wa'azi a kansu a raba wa masu shaguna, lada ya iske shi a kabari. Da ma Baba ya ɓalle haƙoran kowane kaset don kada a shafe. Yayana ya zauna a zaure yana cusa takarda cikin ramukan haƙoran, ɗaya bayan ɗaya, don rikoda ta iya ɗauka a kansu.

Na ce, "Yaya, sabon kaset ƙarewa ya yi a kasuwa?"

Ya ce, "Ke da ba ki san alif ba, me kika sani?"

"Na san muryar ubana tana ciki!"

Na yi masa tas, har Inna ta fito ta ce in rufa mata asiri, gidan makoki ne. Washegari aka mai da ni ɗakina a Zungur. Kafin arba'in an shafe kaset ɗin kaf. Ban raina wa'azi ba, Allah shaida, kuma na san da zuciya ɗaya ya yi. Amma har gobe ina cewa ya yi wauta.

Sojan ya yi ritaya ya koma garinsu, ƙungiyar ta watse. Yanzu jikokina suna ce min babu kiɗan da babu shi a waya. Sun duba, sun gaji. Abin da mutum ɗaya ya ɗauka da rikodar bayan keke, in ya tafi ya tafi.

Bara yayana ya kwanta ciwo, na je duba shi. Sai ya ce, "Ke, wannan kiɗan da Baba yake so, na lokacin ruwa, yaya ma yake? Ɗan yi min."

Na gyara murya, na buɗe baki. Ni da ba a taɓa kayar da ni a magana ba, ko farkonsa ban samo ba.